Bob Hartley ko Frasier Crane: wanne za ki fara kallo?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na samu zama. Kin ce kina aji biyu a jami'a kina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, wani malaminku ya ambaci tsofaffin wasannin barkwanci biyu na talabijin ɗin Amurka, The Bob Newhart Show da Frasier, kuma datarki ba za ta ɗauki duka biyun ba. Kina so ki san wanne ya fi nuna aikin yadda yake, wanne kuma ya fi daɗin kallo. Tambaya biyu kika ɗaure da igiya ɗaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Na kalli duka biyun, wasu kashin ma har na haddace, don haka gyara zama.

Da farko sana'ar mutanen biyu ba iri ɗaya ba ce, ko da yake mutane kan haɗa su a kwando guda. Dakta Bob Hartley irin naku ne, masanin halayyar ɗan Adam mai digirin digirgir. Ba ya rubuta magani, kayan aikinsa kujera ce da kunne. Dakta Frasier Crane kuwa cikakken likita ne, ya yi karatun likitanci a Harvard sannan ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa, kuma ba ya bari kowa ya manta da zancen Harvard ɗin nan. An ce Bob Newhart, ɗan wasan da ya fito a matsayin Bob Hartley, da kansa ya zaɓi ya fito a masanin halayya maimakon likitan ƙwaƙwalwa, don ba ya so a yi dariya da masu larura mai tsanani. Shi ya sa masu zuwa wurinsa mutane ne masu tsoro, masu ƙunci, masu kaɗaici, waɗanda duniya ta yi wa ɗan nauyi.

Na Bob ne ya riga fitowa. Tashar CBS ta fara nuna shi ranar 16 ga Satumba 1972, ya yi zango shida, kashi 142, ya ƙare a 1978. Frasier ya fara a tashar NBC ranar 16 ga Satumba 1993, wato shekara ashirin da ɗaya cif bayan na Bob, rana ɗaya wata ɗaya. Ya yi zango goma sha ɗaya, kashi 264, ya ƙare a 2004. Ki lura da wannan tun da maganar data kike yi: na Frasier ya kusa ninka na Bob. Labarin Bob a birnin Shikago yake, na Frasier a Siyatil. Duka biyun a gaban 'yan kallo aka ɗauke su, dariyar da za ki ji ta mutanen da ke zaune a wurin ce.

Abin da ya raba su a wurina shi ne sauraro. Frasier yana da shiri a wani gidan rediyo mai suna KACL, mutane na bugo waya su faɗi damuwarsu, shi kuma ya tarbe su da kalmarsa da ta yi suna, wato yana saurare. Amma Allah na tuba, ba kasafai yake sauraren ba. Jira yake mai magana ya ja numfashi ya karɓe zancen, ya kawo Freud, fitaccen masanin nan na halayyar ɗan Adam, ya kawo wani tsohon mawaƙi, ya rufe da wa'azi mai daɗin ji. Bob bai taɓa yin tallar sauraro ba, shi dai yi yake. Za ki gan shi zaune, hannu a haɓa, ido na ƙiftawa, mutum ya faɗi abin da bai kamata ya fito daga bakin mai hankali ba, shi kuma ya yi shiru na ɗan lokaci, ya yi in'ina, sannan ya tambaye shi yadda yake ji game da hakan. Dariyar tana cikin shirun nan.

Wannan ba dace aka yi ba, daga mutumin ya samo asali. Bob Newhart akanta ne kafin ya shiga barkwanci, an haife shi a 1929 a Oak Park da ke gefen Shikago. Abin da ya ɗaga shi shi ne wasan waya: ya riƙe kan tarho yana magana da wanda ba a ji, ke mai sauraro ki riƙa cike ɗaya ɓangaren a ranki daga amsoshinsa. Faifansa na farko na 1960 ya hau saman jadawalin ciniki a Amurka, ya kuma ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1961. To da David Davis da Lorenzo Music suka zo ƙirƙira masa wasa, sai suka nemo sana'ar da gwaninta duk a ji ne da mayar da martani. Hatta buɗe wasan da ƙarar tarho yake farawa, Bob ya ɗauka ya yi gaisuwa. Kusan kowane kashi sai an ba shi waya ya yi abin nasa.

Ga yadda ofishinsa yake. Bene ne na likitoci, ana fitowa daga lif sai teburin Carol, sakatariyar da duk likitocin hawan ke rabawa, mai baki kamar reza. A gefe akwai Jerry, likitan gyaran haƙora, tuzuru, wanda ya taso a gidan marayu, abokin Bob. Can ciki kuma ɗakin da ake zaman rukuni. Nan ne za ki ga abin da ya yi kama da littattafanku. Ga Mista Carlin, dillalin gidaje, mai ɗacin baki, wanda ya yarda cewa kowa ya tsane shi kuma yake aiki tuƙuru don hakan ya tabbata. Ga Mista Peterson, tsohon sojan ruwa mai ƙaramar murya, wanda matarsa ta mayar da shi abin tausayi. Ga Madam Bakerman, dattijuwa, tana saƙa da zare ko ana ta faɗa, in ta buɗe baki kuma sai ta kawo maganar da ba ta da haɗi da komai. Peterson zai tattaro ƙarfin hali ya fara ba da labarin yadda ya kusa mayar wa matarsa magana, Carlin ya tsinke shi da baƙar magana guda, Peterson ya koma cikin kujera kamar kazar da ruwa ya daka, Bob kuma ya dubi wannan ya dubi wancan yana neman inda zai kamo zaren. Duk wanda ya taɓa shugabantar taron sulhu na mutum huɗu ya san wannan duban.

Abin da na fi so shi ne ba sa warkewa a minti ashirin da biyar. Carlin ya yi shekara shida yana zuwa, kuma halinsa na ranar farko shi ne na ranar ƙarshe, in ban da ɗan sassauci da sai mai lura zai gani. Wasan bai ɓoye cewa shi kansa Bob wani lokaci yana shakkar ko aikinsa na da amfani ba. Akwai kashin da aka gayyace shi hira a talabijin, mai gabatarwa ta tarbe shi da fara'a kafin a kunna na'ura, ana kunnawa ta rikiɗe, ta hau shi da tambayar ko ya taɓa warkar da wani, kuma me ya sa yake karɓar kuɗi haka. Garin kare kansa ya suɓuce ya ce ai har wani zaɓaɓɓen ɗan siyasa ya taɓa zama a kujerarsa. Kin ga ya taɓa sirrin mai zuwa wurinsa ke nan, sauran kashin duk a kan ɗinke wannan ɓarakar ne. In malaminku na neman misali kan riƙe amana, ga shi nan a dafe.

Kada ki ɗauka komai na Bob daidai ne da ƙa'ida. Masu larurarsa suna faɗo masa gida, suna cin abinci a teburinsa, suna kiransa cikin dare, abin da za a ja miki kunne a kansa tun a aji. Wasa ne, dole a haɗa mutane wuri guda. Amma in aka kwatanta da Frasier, wanda ke yanke hukunci kan auren mutum daga kiran minti biyu tsakanin tallace-tallace, Bob malami ne. Su ma masu rubuta Frasier sun san da haka, shi ya sa suka ba shi ƙane, Niles, shi ma likitan ƙwaƙwalwa, mai ofishi da marasa lafiya na gaske, wanda ba ya gajiya da yi wa yayan ba'a cewa ya mayar da sana'arsu abincin gefen titi. Frasier mabiyin Freud ne, Niles na Jung, wani fitaccen masanin fannin, kuma ke da kike karanta su yanzu za ki kama wasu zolaya da sauran 'yan kallo ke wucewa. Wani abin da ba kowa ya sani ba: muryoyin masu bugo waya galibi na shahararrun 'yan wasa ne, ta tarho suke karanta nasu, sai a ƙarshen zango a jero hotunansu.

To wajen aiki na ba Bob. Amma da aka shigo gida sai lissafi ya juye.

Gidan Bob wurin hutawa ne. Matarsa Emily malamar firamare ce, daga baya ta zama mataimakiyar shugaban makaranta. Suzanne Pleshette ce ta fito a matsayin, mace mai kakkaurar murya da kaifin basira. Ba su da yara, kuma da gangan ne: Newhart ya ƙi yarda a mayar da shi uban nan na wasannin lokacin, sakarai wanda 'ya'yansa suka fi shi wayo. Ana ba da labarin cewa marubuta sun taɓa kawo masa rubutun da Emily ta samu ciki, ya karanta ya yaba, sannan ya tambaye su wa za su samo ya fito a matsayin Bob. Sai wasan ya zama na manya biyu da ke son juna, suna hira a gado kafin barci, suna saɓani a kan ƙananan abubuwa. Kashin farko ma a kan haka yake: Bob ya shirya kai rukuninsa na masu tsoron jirgin sama New York don su fuskanci tsoron, sai ya gano matarsa ta fi su duka tsoro. A wani kashin Emily ta yi masa gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, sakamako ya nuna ta fi shi nesa ba kusa ba, Dakta guda ya kasa haɗiye abin. Sai maƙwabcinsu Howard, mai lura da hanya a jirgin sama, wanda aurensa ya mutu, yana shigo musu kamar gidan ubansa, ya ci ya ara ya tafi. Mutumin da ke nuna wa jirgi hanya a sararin sama amma bai iya tafiyar da ɗakinsa ba.

Zaman lafiya ne, kuma akwai daɗi, sai dai ba ya motsi. Bob da Emily na zango na shida su ne na zango na ɗaya. Kina iya ɗaukar kowane kashi daga tsakiya ba ki rasa komai ba.

Gidan Frasier kuwa nan ne asibitin, shi ne kuma majinyacin. Ya dawo garinsu daga Boston bayan aurensa da Lilith ya mutu, ya bar ɗansa Frederick can wurin uwar. (Asalinsa daga wani wasa ne, Cheers, inda Kelsey Grammer ya fara fitowa da wannan suna a 1984. Ba sai kin kalle shi ba.) Ya kama gida a saman bene, ya ƙawata shi da kujeru na alfarma da fiyano, yana shirin sabuwar rayuwa shi kaɗai. Sai ga mahaifinsa Martin, tsohon ɗan sanda da aka harba a ƙugu, ba ya iya zama shi kaɗai. Dole ɗan fari ya ɗauke shi. Tsoho ya iso da sandarsa, da karensa Eddie, da wata tsohuwar kujerar kishingiɗa mai ratsi-ratsi wadda aka lilliƙe yagarta da salatif, aka dasa ta a tsakiyar falon nan mai tsada. Aka kuma ɗauko Daphne, 'yar Manchester ta Ingila, don ta riƙa yi masa gashi da motsa jiki, ita ma ta tare a gidan.

Uban mutumin gari ne, na ƙwallo da gasasshen nama. 'Ya'yan sun biyo marigayiya uwarsu, wadda ita ma likitar ƙwaƙwalwa ce: waƙoƙin gargajiyar Turai, tufafi masu tsada, Faransanci a tsakiyar magana. Suna ƙaunarsa amma suna jin kunyar irin rayuwarsa, shi kuma yana alfahari da su amma bai san ta inda zai kama hira da su ba. Ƙanwata, duk gidan da aka kai yaro makaranta ya dawo ya fi ƙarfin tabarmar gidansu ya san wannan ciwon.

A kashin farko uba da ɗa suka yi kaca-kaca. Frasier ya ce ya sadaukar da komai, ko godiya bai samu ba. Tsoho ya buɗe baki kamar zai faɗa, ya kasa, ya juya ya fita. Washegari Frasier na kan aiki, Roz mai haɗa masa shiri ta ce akwai wani Martin a layi, yana da matsala da ɗansa. Uban ne. Abin da ya kasa faɗa a falo, ido da ido, sai ya faɗe shi ta rediyo gari duka na ji, yana yi kamar labarin wani yake bayarwa, ɗan kuma yana amsawa kamar bai gane murya ba, har tsoho ya furta godiyar. Ranar da na fara ganin wannan sai da na tsayar da shi. Na tuna iyayenmu da kunyar ɗan fari, waɗanda ba sa iya kiran sunanka balle su yaba maka, sai dai ka ji a bakin baffa cewa an ce ka kyauta.

Kujerar nan ma tana da ranarta. Frasier ya gaji da ganinta, ya sa aka fitar da ita ya sayo sabuwa ta fata. Tsoho bai yi ihu sosai ba, ya dai zauna ya lissafa masa: a kanta yake lokacin da ya ga mutum ya taka wata, a kanta yake aka bugo masa cewa ya yi jika, a kanta barci ke ɗauke shi matarsa ta zo ta tashe shi, kuma har yanzu wani lokaci in ya farka a kanta yakan ji kamar tana nan. Likitan ƙwaƙwalwa mai takardar Harvard ya kwana gida ɗaya da mutum wata da watanni bai taɓa tambayarsa me kujerar take nufi ba. Bob da tuni ya tambaya. A wani kashin kuma tsoho ya kai su gidan cin nama da yake so, inda ake datse wa duk wanda ya shigo da laktaye laktayensa da almakashi. 'Yan'uwan biyu suka yi ta yi wa abincin da ma'aikatan wurin shaguɓe har tsoho ya miƙe, ya ce uwarsu ta fi su sanin abin duniya amma ba ta taɓa sa wani ya ji shi ƙasƙantacce ba. John Mahoney ne ya fito a uban, ya rasu a 2018, kuma a ganina shi ne ginshiƙin wasan ko da yake sunan wani ke kai.

Ban da wannan akwai Niles da son Daphne da ya ɓoye shekara bakwai, ga matarsa Maris wadda ba a taɓa nuna fuskarta ba sai dai a yi ta kwatanta ramarta da mulkinta. Saboda irin wannan zaren, Frasier yana son a bi shi a jere. Kuma wajen dariya mai sa ciwon ciki, gaskiya ya fi. Marubutansa gwanaye ne na rikicin rashin fahimta: ƙarya ɗaya ƙarama ta haifi goma, ƙofofi na buɗewa suna rufewa, kowa ya ɗauka wani abu daban ake nufi. Ya ci Emmy, wato babbar kyautar talabijin ta Amurka, guda 37, ciki har da ta gwarzon wasan barkwanci sau biyar a jere daga 1994 zuwa 1998. Newhart kuwa, duk da sunansa, bai riƙe Emmy ta wasa a hannunsa ba sai 2013, yana da shekara 84, kuma a kan baƙuncin da ya yi a wani wasa daban. Ni dai ban ɗauki wannan ma'auni ba, amma ga shi kin ji.

Sauran abubuwa biyu da za su shafe ki kai tsaye. Turancin Bob a hankali yake, gajeru ne jimlolinsa, in'inar ma taimako ce ga mai koyo. Na Frasier da Niles dogon Turanci ne mai ƙwalisa, da gudu, sai kin kunna rubutun ƙasa, wani lokaci ma ki nemi ƙamus. Sannan maganar kallo a gida: na Bob kina iya kunna shi a falo, mata da miji ne da hirarsu, sai ɗan shaye-shaye jefi-jefi, kamar sanannen kashin nan na 1975 da Emily ta yi tafiya mazan suka bugu suna ƙoƙarin odar abincin 'yan Sin ta waya. Frasier kuwa bazawari ne mai neman mata, giya ba ta barin hannunsa, zancen ɗaki na yawan fitowa, ga kare a kan kujera yana zura wa mutane ido. Ba wanda za ki kunna Baba na zaune ba ne. Sa abin kunne.

Ga shawarata. Sauke zango biyu na farko na Bob, ki kalle su da idon ɗaliba: ki lura da lokacin da yake shiru, da irin tambayar da yake yi, da inda yake barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ko da shirme ce. In hutu ya zo kin samu intanet mai arha, sai ki ɗauko Frasier daga kashi na ɗaya ki bi shi a jere, aƙalla zuwa zango na bakwai. Wanda aka farfaɗo da shi a 2023, inda ya koma Boston, ki bar shi sai kin gama tsohon, babu Martin babu Niles a jerin 'yan wasansa.

Wani abu kuma, kada ki rikice wajen nema. Akwai wani wasan daban mai suna Newhart kawai, na 1982 zuwa 1990, inda ya fito a mai masaukin baƙi a jihar Vermont. Ba shi malaminku yake nufi ba. Amma in kin gama da Bob da Emily, nemi minti biyar na ƙarshen kashinsa na ƙarshe, na Mayu 1990. Kada ki kalla kafin nan, kuma kada ki bari kowa ya ba ki labarinsa.